Fulogi Huɗu Kafin Janwe Ya Iso

Ranar da Yaya ya zo ya ce zai ɗauke motar, a gaban maigidana ya faɗa, amma ni yake kallo. Haka kowa ya koma yi tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da maigidan nawa. A shigo a ce masa sannu, kafin ya gama haɗa amsa a bakinsa an juyo gare ni: "Ya ci abinci kuwa? Yana samun barci?" Shi kuwa yana zaune a wurin, kunnensa garau.

Yaya wan maigidana ne, ciki ɗaya. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, lokacin asibiti ya yi zirga-zirga har takalminsa ya san hanya. Sai dai mutum ne da duk abin da ya shiga gidansa da sunan ajiya, to ka yi masa sallama. Janaretanmu ma ajiya ya tafi, yanzu shi ke haska shagon ɗansa.

Ya tsaya a tsakar gida ya dafa bayan motar, ya duba tafin hannunsa ya karkaɗe ƙura.

"Wannan lalacewa kawai take yi," in ji shi. "Bakanikena ya duba ta, ya ce injin ya gama yawo. Gobe da la'asar zan zo da janwe a ja ta zuwa wajena, ku ma ku samu sarari."

Na ce, "Yaya, wa ya kai maka ƙarar rashin sarari?"

"Ke dai ba kya gajiya da magana. To wa zai tuƙa ta?" Sai a lokacin ya waiwayi ƙaninsa a baranda. "Ko ba haka ba?"

Maigidana ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai.

Wallahi maganar Yaya ba ta ƙona ni ba kamar gyaɗa kan nan. Sana'ar maigidana koyar da tuƙi ce, kuma da motar nan yake yi. Rabin masu mota a layinmu a hannunsa suka koya, har da ni, duk da ya ce a duk ɗalibansa ba wanda ya sa shi furfura kamata. Tun da aka sallamo shi likita ya ce ya riƙa takawa da sanda kullum, ko daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Ya ƙi. In na fito da shi baranda da safe, nan zan dawo in same shi, sandar a jingine. Abu ɗaya ya rage yana kallo da idon mai rai, motar nan. Na sani har cikin raina, in ta fita ƙofar nan a ɗaure, ba zai ƙara tashi daga kujerar ba.

Batun injin ya gama yawo kuwa, ina tsaye aka yi duban. Bakaniken ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya rufe. Ko hannunsa bai yi baƙi ba. Ni kuma na tuna satin da maigidana ya faɗi, motar tana masa tari da safe, ya ce fulogi ne, har ya sayo sabbi. Yaya na fita na buɗe aljihun gaban motar, ga su nan huɗu a kwalayensu, ƙarƙashin tsumman goge gilas.

Maƙwabcinmu direban tasi ne. Shi na roƙa ya cire batirin ya kai caji. Washegari da sassafe ya maido shi ya ɗaura, ya zuba sabon fetur, ya murɗa mukulli. Injin ya yi ta juyawa yana gurnani, ya ƙi kamawa.

"Yana juyawa lafiya, Maman yara," in ji shi. "Wannan bai mutu ba. A canza fulogan nan a gani. Da zan tsaya, amma akwai wanda zan kai tasha."

"Je ka nemi abincinka. Ni zan canza."

Ya dube ni, ya dubi motar.

Na ce, "Me? Ni tela ce. Keken ɗinkina ni nake kwance shi in maida, ba a taɓa rage mini kusa ko ɗaya ba."

Ya yi dariya ya ce to shi ke nan. Ya nuna mini wayoyi huɗu masu kauri da suka nutse a saman injin, ya ce ƙarƙashin kowace akwai fulogi. Ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya, kada in kuskura in cire wayoyin gaba ɗaya, don in suka cuɗe sai ta Allah. Ya ce in share bakin ramin kafin in kwance, kada ƙasa ta faɗa cikin injin. Yana faɗa yana duba agogo, ya fice.

Na fito da maigidana baranda na ajiye masa shayinsa. Na ja akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, na juye shi a kan tabarma a gabansa, da gangan, don ya gani. Kai, maza da tarkace. Sufana kala-kala, filaya, sukundireba mai karyayyen baki, notuna a gwangwanin madara, wani buroshin haƙori da ya yi baƙi ƙirin. Sufanar fulogi na gane ta, doguwa ce kamar bututu, da roba a cikinta, da sandar da ake zira mata a kai a murɗa. Na ware ta gefe da buroshin da tsumma. Sauran shirgin da ba shi da amfani, murafen kwalba, yagaggen bel, da wani guntun tiyo na roba da bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, na kwashe na watsa a kwandon shara na bakin famfo.

Na ce, "Ka ga na yi maka shara kyauta."

Ya juya fuskarsa wajen bango.

Na ɗaure ɗankwalina tamau, na ɗaga bonet. Wayar farko ta yi mini gardama, sai da na murɗa kan robar hagu da dama sannan ta fito. Na goge bakin ramin da buroshi, na hura da bakina, ƙura ta dawo mini ido. Na zira sufana har na ji ta kama, na murɗa. Ko gezau. Na gyara tsayuwa na sa ƙarfina duka, har da wanda nake ajiye wa Yaya, sai ji na yi ta ce ƙas, ta sake. Gwiwar hannuna ta bugi wani ƙarfe, na ga taurari da rana tsaka. Ban yi ƙara ba, don na san akwai mai saurare.

Tsohon fulogin ya fito baƙi wuluk, bakinsa ya cushe da toka, yana warin fetur. Na ɗauka na kai baranda na ɗaga masa a gaban ido.

"Dubi injin da ya gama yawo."

Ya ɗan saci kallonsa. Na ga idonsa ya tsaya a kan bakin fulogin, irin tsayawar wanda ya san abin da yake gani. Sai kuma ya kawar da kai.

Na koma na ɓare sabo daga kwali. Na cusa shi cikin sufana, na zira a ramin, na fara murɗawa da sandar. Ya ɗan shiga, sai ya cije. Na ce a raina, wancan ma da ƙarfi ya fito, wannan ma da ƙarfi zai shiga. Na ƙara matsawa. Ya ƙara cijewa.

Sai na ji ƙarar kofi a siminti. Na ɗago, shayin ya malale har matakala, maigidana yana buga hannun kujera da hannunsa na hagu.

"Lafiya? Banɗaki ne?"

Ya girgiza kai. Bakinsa yana ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Da ƙyar ya fitar da ita: "Bari."

Nan fa raina ya ɓaci. Watanni ina haɗiyewa, ranar ta ƙi haɗiyuwa.

"Ba zan bari ba. Ka ji ni? Jiya kana zaune aka raba ka da motarka, ka gyaɗa kai kamar an yi maka kyauta. To ni ban gyaɗa ba. In kai ka haƙura da kanka, ni ban haƙura da kai ba. Na gaji da ganinka a kujerar nan, na gaji da mutane suna tambayata kai kana zaune. Tsoro nake ji, in ba ka sani ba ka sani. Tsoro nake ji kada wata rana in fito in ga kai ma an zo an ce ka gama yawo."

Na juya masa baya don kada ya ga idona. Na kama sandar sufanar da hannu biyu, na dafe ƙafa a taya.

Kafin in danna na ji ƙwas a bayana. Na ji wani ƙwas, da jan ƙafa a siminti. Sandarsa ce.

Na waiga. Ya miƙe, ya sauko matakalar baranda shi kaɗai, jikinsa duk ya karkata gefe guda, gumi ya keto masa. Ƙafafuna suka ce in ruga in tare shi. Na riƙe motar na hana su. In zai faɗi ya faɗi, na ɗaga shi, amma ba zan je in karɓe masa tafiyar nan ba.

Abin mamaki, ba wajena ya nufo ba. Bakin famfo ya yi. Ya jingina da bango, ya sunkuya a hankali, ya zira hannu cikin kwandon shara yana tonawa. Na ce shi ke nan, ciwon ya taɓa masa kai. Sai ga shi ya ɗago da guntun tiyon nan da na yar. Ya sa shi a aljihun riga, ya kamo hanyar mota. Tafiyar da yaro zai yi da tsalle biyu, shi sai da rana ta matsa kafin ya iso.

Ya dafa gefen motar yana haki. Ya ture hannuna daga kan sufanar, ba da wasa ba. Ya yi mini alama da yatsa in murɗa baya. Na kwance, fulogin ya fito. Ya karɓa ya kawo shi dab da idona, ya nuna gindinsa da farce, wajen layukan da suka zagaye shi kamar na kusa mai murɗawa. Na farkonsu ya goge, yana ƙyalli.

"Ti... tiredi," in ji shi.

Na san wannan a keken ɗinki. In kusa ta shiga a karkace ka matsa mata, ramin take ci, daga nan ba ta ƙara kamawa. A keke ƙaramin abu ne. A nan kuwa ramin a jikin injin yake. Da na danna dannawar nan da na yi niyya, da ƙaryar bakaniken Yaya ta zama gaskiya, kuma da hannuna.

Na ce, "To ba sai ka faɗa ba?"

Ya dube ni da ido ɗaya a ɗage. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina sai kunya ta kama ni. Ya saki wata dariya ta gefen baki guda, irin wadda ban ji ba tun kafin asibiti, har da tari.

Ya sa na goge ramin da tsumma a kan sukundireba, muka leƙa tare. Allah ya rufa asiri, bakin kawai ya ɗan taɓu. Ya ciro tiyon, ya sa na riƙe fulogin, ya cusa farin kansa cikin bakin robar har ta kama shi. Sannan ya zira shi cikin ramin, ya riƙe ƙarshen tiyon da yatsu uku. Bai murɗa gaba ba, baya ya fara yi, a hankali, ya rufe ido. Can na ji wani ɗan ƙas, ƙarami ƙwarai, fulogin ya zauna daidai. Sai ya juya gaba, abin ya yi ta shiga sumul ba gardama.

Ashe amfanin tiyon ke nan. Roba ba ta da ƙarfin yin ɓarna. In fulogi ya shiga a karkace, sulɓewa za ta yi a kansa, ba za ta tura shi ba. Ga shi kuma aikin bai buƙatar hannu biyu, bai ma buƙatar ƙarfi, yatsu yake so masu ji. Shekaru ina ganin abin nan a akwatinsa ina ɗauka ƙazantar maza ce.

Da fulogin ya kai ƙarshe ya zare tiyon, ya nuna mini sufana. Na ɗaure. Ina cikin ɗaurewa ya ɗan bugi bayan hannuna, wato ya isa.

Na ce, "Bari in ƙara kaɗan."

Ya ƙara buguna, wannan karon da zafi.

"To, na ji, malam mai koyarwa."

Na maida wayar, na danna har ta ce ƙyas. Muka koma na biyu. Aiki ya rabu da kansa ba wanda ya raba: ni cire waya, shara, kwancewa da ɗaurewa, shi kuma sa sabo. Na ce in kawo masa kujera, ya ƙi. Na biyun ya fito da sauƙi. Na ukun ya sha mini rai, sai da ya sa na ɗiga masa ɗan baƙin mai muka jira, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa cikin rana. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafarsa mai ciwon tana rawa. Hannunsa na hagu ya yi baƙi har wuyan hannu, ya kuma shafa a goshi. Ban goge masa ba, ya yi masa kyau.

Muna kan na huɗu muka ji ƙugin babbar mota a waje. Yaya bai jira la'asar ɗin ba. Aka wangale ƙofar gida, janwe ya shigo da baya har ya toshe ƙofar, sarƙarsa tana lilo. Yaya ya sauko daga gaba cikin fararen kaya, bakanikensa yana biye da shi.

Ya yi turus da ya gan mu.

"Subhanallahi. Ke, wane irin ganganci ne wannan? Mara lafiya kika fito da shi rana? In ya faɗi fa?"

"Da ƙafarsa ya zo, Yaya."

"Maida shi ciki. Kai kuma," ya ce da mai janwe, "ɗaura sarƙar."

Maigidana bai ko waiga ba. Idonsa a rufe, yatsunsa a kan tiyo, yana neman zaman fulogin ƙarshe. Sai da ya samu, ya murɗa har ƙasa, ya zare robar ya miƙo mini. Sannan ya juyo ya fuskanci wansa, ya jingina bayansa da motar, daidai wurin da za a ɗaura sarƙar. Bakinsa ya fara motsi.

Yaya ya ɗan saurara, ya gaji, ya juyo gare ni kamar kullum. "Me yake cewa?"

Amsa tana bakina, cike, da ƙari. Na san abin da zai faɗa, kuma da na faɗa da ta fi tasa tsawo da yaji. Na cije leɓena har na ji gishiri.

Na ce, "Ga shi nan a gabanka. Tambaye shi."

Na sunkuya na ci gaba da ɗaure fulogina. Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙugin janwe. Ina jin numfashin maigidana, ina jin yadda kalmar take zuwa bakinsa tana komawa. Ban taɓa sanin shiru yana da wuya haka ba. Yaya ya gyara tsayuwa, ya dubi ƙasa, ya rasa inda zai sa idonsa, dole ya sa shi a fuskar ƙaninsa.

"Na..." in ji maigidana. Ya haɗiye yawu. "Na fasa."

"Ka fasa me? Jiya da kanka ka amince."

"Mo... motata ce."

Bakaniken ya matso yana murmushin nan nasa. "Ranka ya daɗe, ai wahala kawai suke sha. Injin nan ko an sa masa fulogin zinariya ba zai tashi ba."

Na danna wayar ƙarshe, na kwashe sufana da tsumma daga kan injin, na saki bonet ya rufe da ƙara har bakaniken ya ja da baya.

Na ce, "Matsa, kada ta taka ka."

Na buɗe wa maigidana ƙofar gaba ta gefen fasinja. Ya shiga da kansa, ya ɗauko ƙafarsa mai ciwo da hannu ya shigar, ya ajiye sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Na zagaya na zauna a bayan sitiyari. Na zira mukulli. Ban san ko za ta tashi ba. In ta ƙi, ga janwe, ga sarƙa, ga mutum uku suna kallo.

Na yi bismillah na murɗa. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ta madubi na ga bakaniken ya dubi Yaya. Na saki mukullin. Maigidana ya nuna ƙafata, ya yi alama da tafin hannu in ɗan taɓa totur, kaɗan. Na taɓa, na sake murɗawa.

Motar ta yi tari. Ta ƙara wani, jikinta duk ya girgiza, salansa, wato bututun hayaƙinta, ta yi wata ƙara kamar an fasa leda, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanta daidai inda Yaya yake tsaye da fararen kayansa. Sai ta kama. Ta yi ta rawa tana neman mutuwa, na riƙe ta da totur, a hankali muryarta ta daidaita.

Ban yi guɗa ba, ban yi wa kowa gwalo ba, ko da yake raina ya so. Hawaye ne kawai suka zubo mini, na bar su, don hannuwana duk baƙin mai ne. Na taka kuloci na sa giyar baya. Na duba madubi, janwe yana nan ya cike ƙofar, direbansa ya leƙo yana jiran abin da Yaya zai ce. Yaya kuwa yana tsaye yana kaɗe hayaƙi daga fuskarsa, bai ce a matsa ba.

Na fara sauke gilas don in yi magana. Maigidana ya riga ni. Ya miƙo baƙin hannun nan nasa ta gabana, ya ɗora a tsakiyar sitiyari, ya danna hon da iya ƙarfinsa. Ƙarar ta cika gidan, ta fita layi, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Yaya ya ɗaga hannu yana cewa ya isa, ya isa. Maigidana bai ɗaga hannu daga hon ɗin ba sai da janwe ya ja gaba ya ba mu hanya.